Canza rotil a ƙofar gida: amsa ga masu tsofaffin a-kori-kura

Tun da damina ta farfasa hanyoyin ƙauye ake ta zuwa mini gareji da tambayoyin nan, sai ka ce an haɗa baki. Ga amsa a wuri ɗaya, kowa ya huta.

Sitiyari na wasa, mota na yawo a kan kwalta. Rotil ne?

Wataƙila. Rotil shi ne mahaɗin da ke bakin sandar sitiyari, mai haɗa ta da taya. Ɗaga gaban motar, ka kama taya ta dama da hagu ka girgiza, yaronka ya leƙa ya ga inda ke motsi. In sai ka kama sama da ƙasa take wasa, nemi matsalar a boris ko rotil ɗin ƙafa.

Zan iya canzawa a gida?

Za ka iya.

Jak kaɗai ya isa?

A'a. Rairayin Maradi ba ya riƙe jak, nutsewa yake yi. Shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashinsa, ka tokare motar da kututture, ka sa wa tayoyin baya waigi. Mai shiga ƙarƙashin Land Cruiser da jak kaɗai bai tausaya wa iyalinsa ba.

An ce mini a daddaka tsohon da guduma ya matse, ko a yi masa walda.

Haba Alhaji! Rotil ƙwallon ƙarfe ne a cikin gurbi, in ya cinye ya cinye. Ranar da ya fice a hanyar Dakoro kana ɗauke da lodin gero, tayar nan inda ta ga dama za ta nufa, kai kuwa kana riƙe da sitiyarin banza. Kada a sake yi mini wannan tambayar.

Na kwance noti amma ya ƙi fita.

Haka yake, ba kai ka fara ba. Ƙusar rotil tsukewa take yi a cikin raminta. Mayar da notin ka bar shi sako-sako, ka doki gefen ƙarfen da ya rungume ƙusar, ba kanta ba. Ko ka aro abin ciro rotil wurin bakanike. Wuta kam ban yarda ba.

In na ɗaura sabo, dole sai na kai a yi paralelism, wato daidaita tayoyin gaba?

To, nan ne maganar take. Ya danganta da abin da ka yi kafin ka kwance. In ka auna tsawon sandar daga tsakiyar rotil zuwa tsakiyar ɗan'uwansa, ka kuma ƙirga juyi nawa tsohon ya yi kafin ya fita, za ka dawo kusa da yadda take. Kusa na ce. Sabon ba lalle tsawonsa ya zo daidai da tsohon ba, musamman in ba kamfani ɗaya ya yi su ba, saboda haka na fi yarda da awo a kan ƙirga. Ka lura kuma, a sanduna da yawa kai ɗaya ta hagu yake ɗaurewa, ɗayan ta dama. Kada ka yi ta kokawa da shi har ka lalata.

Bayan haka sauke motar a kan daɓe mai tauri, bai ɗaya, ba cikin yashi ba, ka miƙe sitiyari, ka tura ta gaba kaɗan. Auna tsakanin tayoyin gaba biyu ta gefensu na gaba, ka auna ta gefensu na baya, a tsayi ɗaya. A yawancin irin waɗannan motoci gaban kan fi bayan tsukewa da ƴan milimita kaɗan, amma kowace da lambarta, a littafinta take. Wannan awon zai kai ka gonarka ta Jirataua ya dawo da kai. In kuwa Damagaram ko Yamai kake zirga-zirga a kan kwalta da zafin rana, kai ta wurin masu na'ura, don kuskuren milimita kaɗan ya isa ya cinye maka gefen sabuwar taya. Kuma in ka yi awon daidai amma mota na ja gefe ɗaya, duba iskar tayoyi da sifirin tukuna, ka daina zargin rotil.

Ramin fil ɗin da ke kulle noti bai zo daidai da tsagar notin ba.

Ƙara ɗaurewa kaɗan, kada ka sassauta. Fil sabo za ka sa, ba ƙusar kafinta ba.

Ɗan sukurin da ke saman akwatin sitiyari fa, in na matse shi wasan zai tafi?

Wannan sai a motoci masu akwati, irin tsohuwar Hilux da Land Cruiser. Peugeot 504 tsarinta daban ne. Shi ne na ƙarshe da za ka taɓa, bayan rotil sun zama lafiya. Tayoyi a miƙe, juyi kaɗan-kaɗan. In ka zarce, sitiyari zai yi tauri ya daina komawa da kansa bayan kwana.

Wanne zan saya?

Tafi kasuwa da tsohon a hannu, ko nan ko Katsina, ka gwada su kai da kai. Wanda robarsa ta tsage, bar musu kayansu. Yashi zai shige ya gama da shi kafin kaka.

Zan iya zuba man birki a tankin sitiyari?

A'a. Karanta abin da aka rubuta a kan murfin.