Ma'anar gogar jini, da yadda take juya saƙon girma a cikin jijiya

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti a Katsina ya san awon hawan jini, to amma akwai wani ƙarfi na biyu da jini ke yi wa jijiya wanda na'urar da ake ɗaurawa a damtse ba ta auna shi. Matsin jini tura bangon jijiya yake yi zuwa waje, ita kuwa gogar jini ja ce da jini ke yi wa fuskar bangon yayin da yake wucewa a kanta. Ko kashi ɗaya cikin dubu na matsin jini ba ta kai ba, amma ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a cikin jijiya layi ɗaya tak, waɗanda masana ke kira endoteliyam, suna jin ta sarai. Inda jini ke tafiya miƙe, sukan yi tsawo su jeru su fuskanci inda ya nufa, kamar ciyawar da ruwan rafi ya kwantar.

Tun a 1893 wani masani Bajamushe, Richard Thoma, ya lura a ƙwan kaza mai ɗan tayi cewa jijiyar da jini ke yawan bi faɗaɗa take yi, wadda ya ƙaurace wa kuma sai ta shanye. Abin da ya ɗauki fiye da shekara 100 kafin a gane shi ne hanyar da hakan ke faruwa.

Jiki yana da sinadarai masu ba ƙwayoyin halitta umarnin girma da rabuwa. Fitacce a cikinsu shi ne VEGF, wanda Napoleone Ferrara ya tace a Amurka a 1989. Tsokar da iskar oksijin ta yi wa ƙaranci takan fitar da shi, ya je ya maƙale a wani furotin mai karɓar saƙo a jikin ƙwayar, mai suna VEGFR2, daga nan ƙwayoyin su rabu su tsiro da sabon reshen jijiya. An daɗe ana zaton sai da sinadarin wannan makarɓi ke motsi, sai bincike ya nuna cewa gudun jini kaɗai yana tayar da shi. A 2005 Eleni Tzima da Martin Schwartz da abokan aikinsu suka bayyana cewa furotin uku ne ke haɗa ƙarfi a mahaɗar ƙwaya da ƙwaya: PECAM-1 ke jin jan, VE-cadherin ke haɗa su wuri ɗaya, VEGFR2 kuma ya kai saƙon ciki. Daga cikin sakamakon akwai fitar da iskar naitirik oksaid, wadda ke sassauta tsokar jijiya ta buɗe, kuma gano aikinta ne ya jawo wa masana uku lambar Nobel a 1998.

A ganina, abin da ya fi muhimmanci shi ne gogar jini tana canza yadda ƙwaya ke amsa umarnin da ya iso mata. Hanta tana zuba wani sinadari mai suna BMP9 a cikin jini, wanda ke sa ƙwayoyin shimfiɗar su natsu su daina rabuwa, kuma gudun jini yana ƙara wa makarɓinsa ALK1 kaifin ji, har ɗan kaɗan ya wadatar. Mutanen da suka gaji tawaya a ALK1 sukan yi fama da yawan haɓo da jijiyoyi masu haɗewa ba bisa tsari ba.

A wuraren da jijiya ta rabu biyu ko ta lanƙwashe, kamar marabar babbar jijiyar wuya, jini juyawa yake yi yana kai da komo. Can ƙwayoyin ba sa jeruwa, naitirik oksaid yana raguwa, kumburi ya samu gindin zama, kuma can ne kitse ke fara taruwa a bango, abin da kan kai ga shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya. Shi ya sa toshewar jijiya ke zaɓen wuri, alhali kitsen da ke cikin jinin ɗaya ne ko'ina.

Masu jinyar wankin ƙoda suna ganin wannan da idonsu. Likitan tiyata yakan haɗa jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, galibi a hannu, sai gudun jini ya ƙaru a ta biyun, ta yi ta faɗi da kauri har bayan kamar mako 6 ko fiye ta iya ɗaukar allurar na'ura. Idan kuwa hanyar ta tsuke daga baya, yawanci kusa da mahaɗar ne, inda jinin ke juyawa.