Kafin Kogi Ya Shigo Mana Gida

Iyaye da 'yan uwa na Mai Wurno, Sinja da ƙauyukan da ke jere a gaɓar kogin Bahar Azrak (Blue Nile) a Sudan har zuwa Damazin, assalamu alaikum. Damina ta kankama, kuma mu da ke aikin lafiya a karkara hankalinmu ba a kwance yake ba.

Yawancin ruwan da ke cika kogin nan a tsaunukan Habasha yake sauka. Shi ya sa sai ka ga sama garau a nan, amma kogi yana hawa cikin dare. Daga Agusta zuwa farkon Satumba ya fi tumbatsa. A 2020 ya haura mita 17 da rabi a Khartoum, ya wuce na 1946 da na 1988, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata 3, mutum fiye da 100 suka rasu, gidaje sama da 100,000 suka rushe ko suka lalace. A Agustan 2024 kuma madatsar Arba'at da ke kusa da Port Sudan ta ɓalle ta share ƙauyuka.

Gidajenmu na ƙasa ne, daga tushe ruwa yake cin su. A yi gayya tun yanzu, a yashe magudanai, a tara ƙasa a gindin katanga. Wanda ya ga ruwa ya kwanta a jikin bango, ko tsaga ta fito, kada ya kwana a ɗakin da iyalinsa. Takardu, irin shuka da hatsi a ɗaga su sama. Busasshen kwari kuwa kada a ɗaure dabba a cikinsa, kada a bar yara su yi wasa a ciki, domin ruwansa ba ya sallama.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayan ruwa ya janye, lokacin da kowa ke cewa an tsira. Ambaliya tana cika masai, ta kwashi ƙazantarsa ta zuba a rijiya da tafki, ruwan ya kwanta ya yi haske kamar ba abin da ya same shi. Ta nan kwalara take shigowa, kuma ba a manta da ɓarkewarta a Kassala cikin Agustan 2024 ba. Ruwan sha a tafasa shi, ko a jefa ƙwayar kulorin a jira minti 30. Randa a rufe ta, a ware mata moɗa ɗaya mai tsabta. Hajiya, in jikanki ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, kada a tsaya jiran gari ya waye, kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. A dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita 1 ta tafasasshen ruwa, ana ba shi yana kurɓa ana tafiya asibiti. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono.

Daga baya sauro zai ƙyanƙyashe a kududdufai, don haka a fito da gidan sauro, masu ciki da yara su fara samu. A kakkaɓe takalmi da tabarma, macizai da kunamu su ma tudu suke nema.

Malamai da masu unguwa, ku tsayar da tudun da za a taru tun yau, ku sanar a masallaci ranar Juma'a, a kuma san wa zai ɗauko kowane tsoho da kowane majinyaci in ruwa ya zo da dare.