Tauhidin Kirista na 'Yan Asalin Amurka ta Arewa

Tauhidin Kirista na 'yan asalin Amurka ta Arewa hanya ce ta karanta Littafi Mai Tsarki da idon ƙabilun da Turawa suka iske a nahiyar, irin su Lakota, Osage da Cherokee. Bishara ta iso musu ne tare da ƙwacen ƙasa da makarantun kwana da aka raba yara da iyayensu da harshensu, shi ya sa tambayarsu ta farko ita ce: a cikin labarin nan, mu ne su wa?

Wanda ya fi fito da tambayar fili shi ne Robert Allen Warrior, ɗan ƙabilar Osage, a wata maƙala ta 1989. Baƙaƙen fatar Amurka da malaman Latin Amurka sun daɗe suna riƙe da Littafin Fitowa a matsayin labarin 'yanci, suna ganin kansu cikin bayin da suka kuɓuta daga hannun Fir'auna. Warrior ya ce a bi labarin har Littafin Joshuwa. Ƙasar alkawarin nan tana da mazauna, wato Kan'aniyawa, kuma an umarta a kawar da su. Ɗan asalin ƙasa, in ji shi, a cikin Kan'aniyawa yake ganin kansa. Hujja ce mai nauyi, don Turawan da suka fara zama a New England, yankin arewa maso gabashin Amurka, sun riƙa kamanta kansu da Isra'ilawa. Wasu malamai 'yan asali sun amsa da Matta sura 15, inda wata Bakan'aniya ta nace wa Yesu har ya yaba bangaskiyarta ya warkar da 'yarta.

Tun 1973 Vine Deloria Jr., ɗan ƙabilar Sioux ta yankin Standing Rock, wanda mahaifinsa limamin cocin Episcopal ne, ya yi bayanin cewa Kiristancin Yamma ya jingina ga lokaci da tarihi, addinan ƙabilu kuwa ga wuri: dutse, kogi, kabarin kakanni.

A 2021 aka wallafa wani Sabon Alkawari da Turanci bisa salon masu ba da labari na ƙabilun, ƙarƙashin jagorancin Terry Wildman. A ciki ana fassara ma'anar sunaye, Mulkin Allah kuma ya zama "kyakkyawar hanya" ta Mahalicci. A Yulin 2022 Fafaroma Francis ya nemi gafara a Maskwacis, Kanada, kan makarantun kwana. A Maris 2023 Fadar Vatikan ta yi watsi da aƙidar da ta halatta wa Turawa mallakar ƙasashen da suka ce sun "gano".