Me Ake Nufi da "An Miƙa Ƙudirin ga Kwamiti"?

Kusan duk labarin da ya fito daga zauren majalisar dokoki za ka ji ya ƙare da jimla iri ɗaya: ƙudirin ya tsallake karatu na biyu, an miƙa shi ga kwamiti. Mutane da yawa idan suka ji haka sai su ɗauka an gama, doka ta fara aiki. Alhali ko rabin tafiya ba a yi ba, kuma a daidai wannan gaɓar ce mafi yawan ƙudirori ke kwantawa ba su sake tashi ba.

Kalmar "ƙudiri" kanta tana kawo ruɗani, domin abubuwa biyu muke kira da ita. Akwai ƙudirin da ɗan majalisa ke kawowa don a ja hankalin gwamnati kan wata matsala, kamar ambaliya ko lalacewar hanya. Wannan a zama ɗaya ake muhawara a kansa a yanke matsaya, kuma matsayar kira ce ko shawara, ba ta hukunta wanda ya ƙi bin ta. Sai kuma ƙudirin doka, wato daftarin da aka tsara sashe-sashe da niyyar ya zama doka, ko ya gyara wata dokar, ko ya soke ta. Shi ne ke bi ta karatu uku da kwamiti, shi ne kuma ke buƙatar sa hannun shugaban ƙasa. Duk wanda bai bambanta su ba zai yi ta jiran aikin da babu wanda doka ta tilasta wa yi.

Ƙudirin doka yana da sassan da aka san shi da su: dogon take mai faɗin manufarsa, sassan da ke ɗauke da hukunce-hukuncen, sashen fassarar kalmomi, gajeren take, da taƙaitaccen bayani a ƙarshe. Yakan fito daga ɓangaren zartarwa, ko daga ɗan majalisa da sunansa. A Faransa da ƙasashen da suka gaji tsarinta har suna daban aka ba kowanne, kuma sashe na 40 na kundin tsarin mulkin Faransa ya hana ɗan majalisa kawo ƙudirin da zai ƙara wa gwamnati kashe kuɗi ko ya rage mata kuɗin shiga. Ƙungiya ko wani mutum na iya rubuta daftari, amma sai ya sami ɗan majalisar da zai ɗauki nauyinsa kafin ya shiga zaure.

Shigarwar ba ta da wani biki. A Majalisar Wakilan Amurka mai kujeru 435, ɗan majalisa yakan sa hannu a daftarin ya jefa shi cikin wani akwatin katako da ke gefen teburin akawu, shi ke nan ya gabatar. Sai a ba shi lamba mai farawa da H.R., na Majalisar Dattawa kuwa da S. A Najeriya lambobin HB ne da SB, kuma kwamitin ƙa'idoji da tsara ayyukan majalisa ne ke saka ƙudiri cikin jadawalin zama. Ranar karatu na farko akawun majalisa zai tashi ya karanta taken kawai, babu muhawara, babu ƙuri'a. Sunan "karatu" ya samo asali ne daga majalisar Ingila ta dā, lokacin da ake karanta daftari gaba ɗaya da baki saboda babu kofen da za a raba wa kowa.

Daga nan hanyoyi suka rabu. A Amurka da Faransa ƙudiri yana wucewa kwamiti tun kafin zaure ya yi muhawara a kansa. A Birtaniya da Najeriya sai bayan karatu na biyu. A wannan karatun wanda ya kawo ƙudirin zai buɗe muhawara, ya faɗi matsalar da yake son magancewa da dalilin da ya sa dokokin da ke ƙasa ba su wadatar ba. Abin da ake tattaunawa shi ne manufar ƙudirin gaba ɗaya, ba a taɓa kalmomin sassansa tukuna. Sai mai jagorantar zama ya sa tambaya, masu goyon baya su amsa da murya, masu adawa su amsa, ya buga guduma. Idan an amince, nan take zai ambaci kwamitin da zai karɓi aikin da wa'adin dawo da rahoto, misali makonni huɗu.

Zaɓen kwamitin ba ƙaramin al'amari ba ne. A ƙa'ida kowane kwamiti yana da fagensa, na lafiya, na shari'a, na kuɗi, kuma ƙudiri zai je inda batunsa ya faɗa. Amma batutuwa kan haɗu. Ƙudirin inshorar lafiya ya shafi lafiya, ya shafi kuɗi, ya shafi ƙwadago. Sai a ba kwamiti ɗaya jagoranci sauran su taimaka, ko a haɗa su su yi zaman haɗin gwiwa, wanda tara mambobinsa kaɗai kan cinye wa'adin. Masu rubuta daftari sun san haka, shi ya sa suke zaɓen kalmomin take da lura don ƙudirin ya faɗa hannun shugaban kwamitin da ba ya gaba da shi. Dokar 'yancin jama'a ta Amurka ta 1964 ta nuna girman wannan lamari: jagoran masu rinjaye na Majalisar Dattawa, Mike Mansfield, ya kauce wa kwamitin shari'a da James Eastland na jihar Mississippi ke shugabanta, ya sa ƙudirin kai-tsaye a jadawalin zaure, domin ya san idan ya shiga wannan kwamitin ba zai fito ba.

To me kwamitin ke yi? Da farko yakan aika wa ma'aikatu da hukumomin da abin ya shafa su ba da ra'ayinsu a rubuce. Sannan a sanar da ranar jin ra'ayin jama'a, a gayyaci masana, ƙungiyoyin sana'a, 'yan kasuwa da duk wanda dokar za ta taɓa. Wannan ita ce ƙofar da ta fi buɗuwa ga wanda ba ɗan majalisa ba, kuma takardar da ke tasiri a wurin ita ce wadda ta ce sashe na kaza, layi na kaza, a cire wannan kalma a sa wannan, ga dalili. Takardar da ta tsaya ga "muna goyon baya" ko "ba mu yarda ba" ba ta ba ma'aikatan kwamiti abin da za su yi aiki da shi.

Bayan taron sai mambobi su zauna su bi daftarin layi-layi. A nan ake gano ko ya ci karo da kundin tsarin mulki, ko ya maimaita dokar da ke akwai, ko ya ƙirƙiro hukuma ba tare da faɗin inda kuɗinta zai fito ba. A ƙasa mai tsarin tarayya ana kuma duba ko batun na majalisar ƙasa ne ko na jihohi. Kalma guda na iya sauya komai: "minista zai yi" wajibi ne da kotu za ta iya tilastawa, "minista na iya yi" kuwa zaɓi ne. Wasu dokokin da ake kukan ba sa aiki, idan aka bi diddigi, a wannan teburin aka bar musu raunin.

Duk da wannan ƙarfi, kwamiti ba ya yin doka. Sashe na 62 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba majalisa ikon kafa kwamitoci, amma ya hana ta damƙa musu ikon yanke hukuncin ko ƙudiri zai zama doka. Shawara kawai suke bayarwa. Rahoton zai dawo zaure, majalisar ta zauna a matsayin kwamitin kowa da kowa ta bi sassan ɗaya bayan ɗaya, sannan a yi karatu na uku. Daga nan a aika wa ɗaya majalisar, kuma idan abin da majalisun biyu suka amince da shi ya bambanta ko da a sashe ɗaya ne, akan kafa kwamitin daidaitawa. Sashe na 58 ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya tabbatar da dokar, kamar yadda aka yi da dokar hukumar raya yankin Neja Delta a shekarar 2000.

Abin da ya fi kashe ƙudirori ba ƙuri'ar ƙin amincewa ba ce, shiru ne. Shugaban kwamiti bai kira zama ba, ko babu kuɗin shirya jin ra'ayin jama'a, ko wanda ya kawo ƙudirin ya samu abin da yake so, wato a ji sunansa a labarai, bai ƙara bibiya ba. Wa'adin makonni huɗu ya zama shekara biyu, kuma babu wanda ya kaɗa ƙuri'ar da za a tuhume shi a kanta. A Amurka ana gabatar da ƙudirori sama da 10,000 a zangon majalisa na shekara biyu, 'yan ɗaruruwa ne ke zama doka. Akwai hanyar ƙwato ƙudiri daga kwamitin da ya danne shi, amma a Majalisar Wakilan ƙasar sai an tara sa hannun mambobi 218, abin da ba kasafai ake samu ba.

Sannan ga agogo. Idan wa'adin majalisa ya ƙare, ƙudirin da bai kammala ba yakan faɗi, sai sabuwar majalisa ta sake ɗauko shi. Dokar masana'antar man fetur ta Najeriya ta sha wannan wahala: an fara kai ta majalisa a 2008 zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta ratsa majalisu daban-daban, aka rarraba ta gida-gida, shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu kan kashi ɗaya a 2018, sai ranar 16 ga Agusta, 2021 Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kanta, bayan shekara 13.