Matsayin Mata Masu Aiki a Dokokin Sudan

Dokokin da suka shafi aikin mata a Sudan sun kasu gida uku: dokar ƙwadago, dokar aure da iyali ta Musulmi, da kuma dokokin laifuka da na ɗa'ar jama'a. Kowacce da fannin da take hukunci a kansa, kuma ba kullum suke magana da baki ɗaya ba. A rubuce, Sudan tana cikin ƙasashen Afirka da suka riga saura ba mata kujerar majalisa, kujerar alƙalanci da albashi daidai da na maza. A zahiri kuwa, galibin matan ƙasar a gona, a kasuwa ko a cikin gida suke neman abinci, inda inuwar dokar ƙwadago ba ta kai ba. Matan Hausawan Sudan, waɗanda suka bazu a Sinnar, Jazira, Gadarif, Kasala, Damazin da Khartum, mafi yawansu a wannan rukuni suke.

Tarihi

Ana fara lissafin ilmin mata na zamani a Sudan daga 1907, lokacin da Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a. Zuriyarsa ce ta kafa kwalejin mata ta Ahfad a Umdurman a 1966, wadda daga baya ta zama jami'a. A 1952 Khalida Zahir ta kammala karatun likita, kuma a shekarar aka kafa Ƙungiyar Matan Sudan. Mujallar ƙungiyar, Sautul Mar'a, wato Muryar Mace, ta soma fita a 1955 a hannun Fatima Ahmad Ibrahim.

Juyin Oktoban 1964, wanda ya kawar da mulkin Janar Ibrahim Abbud, shi ya buɗe wa mata ƙofar zaɓe da tsayawa takara gaba ɗaya. A 1965 Fatima Ahmad Ibrahim ta zama mace ta farko a majalisar dokokin ƙasar, Ihsan Fakhri kuma ta zama alƙaliya ta farko. Bukatun da Fatima ta kai majalisa duk na ma'aikata ne: albashi ɗaya ga aiki ɗaya, fansho, hutun haihuwa, da soke tsarin da ake kira mushahara, wanda a ƙarƙashinsa ma'aikaciyar da ta yi aure take rasa tabbacin aikinta, ta koma kwantiragin wata-wata. An cim ma galibinsu daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Ƙungiyar Matan Sudan lambar yabo ta haƙƙin ɗan Adam daga baya, a 1993. A 1970 kuwa Sudan ta amince da yarjeniyoyi biyu na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta daidaita albashi da ta hana wariya wajen ɗaukar aiki. Shekara guda bayan haka shugaban ƙasa Ja'afar Numairi ya haramta Ƙungiyar Matan Sudan.

Waɗannan nasarori sun fi amfanar malaman makaranta, ma'aikatan jinya da akawuna na birane. Labarin matan Hausawa ya biyo wata hanya dabam. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi hijira da jama'arsa zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau yake ɗauke da sunansa. Tun kafin nan ma maniyyata masu tafiya Makka a ƙafa sukan yada zango a ƙasar, wasu zangon ya zame musu gida. Da aka buɗe madatsar Sinnar da gandun Jazira a 1925, sai aikin auduga ya bukaci hannaye masu yawa, aka kuwa same su a wurin waɗannan baƙi da 'yan ƙasa suke kira Fallata ko Takari. Mata da yara su ne ƙashin bayan tsinkar auduga. Mazauninsu shi ne kambo, wato 'yan bukkokin leburori da ke gefen gonaki, waɗanda yawanci ba su da takardar mallakar fili.

Daga cikin wannan al'umma ne Aisha al-Falatiya ta fito, haifaffiyar Kasala, wadda a farkon shekarun 1940 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Umdurman, a zamanin da ake ganin hakan abin kunya ne ga 'ya mace.

Dokar ƙwadago ta 1997

Dokar ƙwadago ta 1997 ta tanadi abubuwa da dama domin mata. Ma'aikaciyar da ta cika wata shida a bakin aiki tana da hutun haihuwa na mako takwas da cikakken albashi, ko dai huɗu kafin haihuwa huɗu bayanta, ko biyu kafin shida bayan. Ba a korar ta tana da ciki ko tana cikin wannan hutu. Mai shayarwa ana rage mata sa'a ɗaya a yini har shekara biyu ba tare da an taɓa albashinta ba, kamar yadda ake rage wa masu azumi a watan Ramadan. Akwai kuma hutun takaba: wadda mijinta ya rasu tana da wata huɗu da kwana goma da albashi, in kuma tana da ciki hutun yana ƙarewa da haihuwa, sai na jego ya biyo baya. Wannan tanadi kai tsaye daga fiƙihu aka ɗauko shi, kuma ba kowace ƙasar Musulmi ce ta sa shi cikakke a dokarta ba.

Dokar ta kuma yi hani. Ba a sa mata aiki mai haɗari ko mai tsananin nauyi, kuma ba sa aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, sai a ayyukan gudanarwa, na ƙwararru, na lafiya da makamantansu. Masu goyon baya suna kiran wannan kariya. Masu suka suna cewa ya rufe wa mata ƙofar masana'antun da ke aikin dare.

Sai dai muhimmin abu a dokar shi ne jerin waɗanda ta ce ba ta shafe su ba. A ciki akwai masu aikatau a gidaje, waɗanda aka bar su da tsohuwar dokar 1955 ta zamanin Turawa, da galibin leburorin gona, da masu aikin yini, da iyalan mai aiki da suke taya shi. Ke nan matar da take tsinkar auduga a Jazira, ko yankan riɗi a Gadarif, ko wanki da shara a gidan wani a Khartum, ba ta da hutun jego ko na takaba a doka. Abin da ta samu ya rataya ne a kan kirkin wanda take yi wa aiki. Haka ma matan da ke sana'a a cikin gida, masu soya gyaɗa, masu ƙuli-ƙuli, masu dama godogodo, abin sha na gero da nono da Hausawa suka yi suna da shi a Sudan. Su ba su da ubangida balle kwantiragi. Madadin fansho a wurinsu shi ne adashe, wanda a Larabcin Sudan ake ce wa sanduƙ.

Dokar iyali ta 1991

Dokar aure da iyali ta Musulmi ta 1991 ta tabbatar wa mace sadakinta da dukiyarta, ta ɗora wa miji ciyarwa, tufatarwa da muhalli. Abin da ta samu da guminta nata ne, miji ba shi da iko a kansa. Amma dokar ta lissafa abubuwan da ke zubar da haƙƙin ciyarwa, kuma a cikinsu akwai fita aiki ba da yardar miji ba, sai fa in hanin nasa na zalunci ne. Don haka haƙƙin aiki da tsarin mulki ya bayar yana iya tsayawa a ƙofar gida. Waliyyi ne yake ɗaura auren mace komai shekarunta, kuma sashe na 40 ya ba da damar aurar da yarinyar da ta kai shekara goma in alƙali ya amince, alhali dokar yara ta 2010 ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne. Shari'ar Nura Husaini ta 2018, wadda aka yanke wa hukuncin kisa saboda kashe mijin da aka aura mata dole, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi ɗaurin shekara biyar da diyya, ta sake tayar da muhawara kan wannan doka.

Dokar ɗa'ar jama'a da masu shayi

In akwai dokar da matan talakawa suka sani ido da ido, to ita ce wadda ake kira nizamul amm, wato dokar ɗa'ar jama'a, kafin a soke dokokinta na jihohi a 2019. Tushenta biyu ne: dokar laifuka ta 1991, musamman sashe na 152 da ya tanadi bulala har arba'in ko tara kan shigar da ta saɓa wa ɗa'a, ba tare da ya fayyace wace shiga ce ba, da kuma dokar jihar Khartum ta 1996 da takwarorinta na sauran jihohi. Dokar Khartum ta shiga har cikin layin sayayya, kujerun motar haya, lokacin tashi daga biki, da shekarun matar da za ta riƙe shagon gyaran gashi. An ware mata 'yan sanda da kotuna na musamman, inda akan yanke hukunci a zama ɗaya.

A Satumbar 2000 gwamnan Khartum, Majzub al-Khalifa, ya ba da umarnin hana mata aiki a gidajen mai, otal-otal da gidajen abinci. Ƙungiyoyin mata suka kai ƙara, kotun tsarin mulki ta dakatar da umarnin. A 2009 aka kama 'yar jarida Lubna Husaini saboda sa wando. Ta ƙi yarda a rufe maganar, ta gayyaci jama'a zuwa zaman kotu, aka ci ta tarar fam 500, ta ƙi biya, sai ƙungiyar 'yan jarida ta biya aka sake ta. Labarinta ya zagaya duniya domin tana da alƙalami da abokai a waje. Matan da aka kama tare da ita, da yawansu an riga an yi musu bulala ba wanda ya ji.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar wannan doka su ne masu sayar da shayi da abinci a bakin titi, sittatush shay. Fari da yunwar tsakiyar shekarun 1980, da yaƙe-yaƙen kudu, tsaunukan Nuba da Darfur, sun koro dubban mata zuwa Khartum, kuma shayi sana'a ce da jarinta bai wuce kurfoti, butoci, kofuna da 'yan kujeru ba. Kalmar da kowacce ta sani ita ce kasha, wato samamen jami'an ƙaramar hukuma: a kwashe kaya a mota, sai an biya tara a karɓo, wani lokaci tarar ta fi kuɗin kayan. A 1990 Awadiya Mahmud Koko, mai shayi 'yar asalin Kordofan ta Kudu, ta jagoranci kafa ƙungiyar gama-kai ta masu shayi da abinci, wadda ta riƙa nemo musu lauyoyi da lasisi. Ita kanta ta yi shekaru a kurkuku saboda bashin da ya hau kan ƙungiyar. A 2016 gwamnatin Amurka ta ba ta lambar yabo ta jaruman mata.

Ga matan Hausawa akwai ƙarin wani shinge, na takardun zama ɗan ƙasa. Dokar 1957 ta nemi mutum ya tabbatar da cewa kakanninsa na wajen uba suna ƙasar tun kafin ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar iyalai da yawa da suka iso bayan Burmi a waje. An sassauta shi a dokokin baya, kuma tsarin mulkin 2005 ya ce ɗan da uwarsa ko ubansa ɗan Sudan ne yana da haƙƙin zama ɗan ƙasa. Duk da haka, wadda aka haifa a kambo ba takardar haihuwa takan sha tambayoyi kafin ta samu lambar ɗan ƙasa, kuma in babu lambar babu lasisin sana'a, babu asusun banki, babu aikin gwamnati.

Gyare-gyaren 2019 da 2020

Mata sun taka rawa babba a zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a ranar 11 ga Afrilun 2019, har aka farfaɗo da laƙabin kandaka na sarauniyoyin tsohuwar daular Kush ana kiran su da shi. Awadiya da abokan sana'arta su ne suka riƙa dafa wa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja abinci. Takardar tsarin mulki ta Agustan 2019 ta ware wa mata aƙalla kashi 40 cikin 100 na majalisar riƙon ƙwarya, sama da kashi 25 na dokar zaɓen 2008, sai dai majalisar ba a taɓa kafa ta ba. Asma Muhammad Abdallah ta zama ministar harkokin waje, Ni'imat Abdallah Khair kuma ta zama alƙaliyar alƙalai, dukansu mata na farko da suka riƙe waɗannan muƙamai a tarihin ƙasar.

A ƙarshen Nuwamban 2019 aka soke dokokin ɗa'ar jama'a na jihohi. A Yulin 2020 aka yi wa dokar laifuka gyara: kaciyar mata ta zama laifi mai ɗaurin har shekara uku, a ƙasar da binciken 2014 ya nuna kusan kashi 87 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 15 da 49 an yi musu, aka kuma cire sharaɗin izinin uba kafin uwa ta yi tafiya da 'ya'yanta. Tanade-tanaden dokar iyali ta 1991 kan waliyyi, shekarun aure da ciyarwa, da jerin waɗanda dokar ƙwadago ta tsame, ba a taɓa su ba. A Afrilun 2021 majalisar ministoci ta amince da shiga yarjejeniyar CEDAW, ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da nuna wa mata wariya, tare da togaciya kan wasu sassa, amma ba a kammala matakin ƙarshe ba har sojoji suka karɓe mulki a ranar 25 ga Oktoban shekarar.

Bayan ɓarkewar yaƙi

Tun kafin babban yaƙin, rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yuli da Oktoban 2022 ya raba dubban iyalan Hausawa da gidajensu da gonakinsu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun kar-ta-kwana na RSF ya kai Wad Madani a Disambar 2023, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, wato tsakiyar yankunan da Hausawa suka fi yawa. Kotuna da ofisoshin ƙwadago sun rufe a wurare da dama, albashin ma'aikatan gwamnati ya yi watanni bai fita ba. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoto a Oktoban 2024 cewa an yi wa mata fyaɗe da yawa, ya ɗora mafi yawan laifin a kan RSF. Lokacin da sojoji suka sake karɓar Wad Madani a Janairun 2025, an kai hare-hare kan mazauna kambo a Jazira bisa zargin haɗa baki da ɗaya ɓangaren. A garuruwan da 'yan gudun hijira suka taru, irin su Gadarif, Kasala da Port Sudan, malaman makaranta da ma'aikatan ofis da yawa sun koma sayar da shayi da abinci, yayin da ɗakunan girki na unguwa da ake kira takaya, waɗanda galibi mata ne suke riƙe da tukwanensu, suka zama abin da dubban gidaje suke dogara da shi a kowace rana.