Jirgin ruwan dakon jiragen yaƙi: tarihin ƙirarsa da wahalar samun kayan gyaransa

Yaushe aka fara sauke jirgin sama a kan jirgin ruwa?

A watan Janairun 1911, lokacin da Eugene Ely, wani matuƙi Ba'amurke, ya sauka a kan dandamalin katako da aka kafa wa jirgin ruwan yaƙi USS Pennsylvania a San Francisco. An gitta igiyoyi, kowace an ɗaure ta da buhunan yashi, jirginsa kuma yana da ƙugiya a ƙasa. Ƙugiya ta kama igiya, jirgi ya tsaya. Har yau wannan dabarar ake bi, sai dai igiyar ta zama ta ƙarfe, inji kuma ya maye gurbin yashi. A 1918 Birtaniya ta fito da HMS Argus mai shimfiɗaɗɗen sarari daga gaba har baya, asalinsa ma jirgin fasinja ne aka juya. Hosho na Japan, a 1922, shi ne na farko da ya fara aiki cikin waɗanda aka ƙera takanas domin wannan.

Me ya sa hasumiyar da ake sarrafa jirgin ruwan daga cikinta take gefen dama?

Jiragen farfela na zamanin da sukan karkata hagu, matuƙin da saukarsa ta ɓaci ma hagu yakan kauce, shi ya sa aka kai hasumiyar dama don kada ya buge ta. Japan ta gwada hasumiyar hagu a Akagi da Hiryu, ba a ci gaba da hakan ba.

Shi kuma titin saukar da ya karkace fa?

Da jiragen jet suka zo da nauyi da gudu, sauka ta zama kasada, domin duk wanda ƙugiyarsa ta kuskure igiya, sai ya afka wa jiragen da ke ajiye a gaba. A 1951 wani hafsan ruwan Birtaniya, Dennis Cambell, ya ba da shawarar a karkata titin saukar zuwa hagu, yadda matuƙi zai taka wuta ya sake tashi ya zagayo. Amurka ta yi wa USS Antietam wannan gyara a 1952. A ganina, bayan ƙugiyar Ely babu canjin da ya kai wannan ceton rayuka. Majaujawar tururi mai cilla jirgi sama ma daga Birtaniya ta fito a shekarun nan, ita ce kuma USS Gerald R. Ford, wanda ya fara aiki a 2017, ya maye da ta lantarki da maganaɗisu.

To idan wani abu ya lalace, ina ake samo madadinsa?

Ƙananan kaya suna cikin rumbun jirgin, na gaggawa kuma jirgin sama ke kawowa har tsakiyar teku. Igiyar tsayar da jirage, alal misali, ba a jira ta tsinke: bayan sauka ɗari da ɗoriya ake cire ta.

Manyan kaya su ne ciwon kai. Ƙasa takan ƙera irin wannan jirgi ɗaya ko biyu, ta yi ta aiki da shi shekara arba'in ko hamsin, babu masana'antar da za ta zauna tana zuba farfela tana jiran mai saye. A Nuwamban 2000 farfelar jirgin dakon Faransa mai suna Charles de Gaulle ta karye a tekun Atlantika. Da aka duba, waɗanda aka tanada ma suna da irin wannan aibi, dole aka ɗaura masa tsofaffi na ajin Clemenceau da Foch, jiragen dakon Faransa da suka gabace shi, gudunsa ya sauko daga kilomita 50 a awa zuwa wajen 44. Sai a 2008 ya samu sababbi. Amurka ma, da duk arzikinta, ta ciro anga daga tsohon Forrestal ta sa wa John C. Stennis, ta kuma kwashi wasu kaya daga John F. Kennedy tun ana ƙera shi domin a shirya Ford. Ciro wa wani daga jikin wani yana kawo sauƙin yau, amma wanda aka cire wa shi zai yi jinkiri gobe.

Sayen tsohon jirgi ba zai fi araha ba?

Kuɗin saye ne kawai ke da sauƙi. Brazil ta sayi Foch a 2000, ta sa masa suna São Paulo. Injina da majaujawarsa na farkon shekarun 1960 ne, ya fi daɗewa a wurin gyara fiye da a teku. A 2017 rundunar ruwan ƙasar ta haƙura da shi, domin kuɗin sabunta shi ya yi mata yawa, a Fabrairun 2023 kuma aka nutsar da shi a Atlantika.