Kafin ku tambaye ta ta nawa ta zo

Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa zama a ɗakin jinya na makarantar kwana ta 'yan mata ya san cewa ciwo ma yana da lokacinsa. Makonnin farko na zango shiru ne, sai ɗan zazzaɓin cizon sauro da mura. Ranar da aka kafe jadawalin jarrabawa kuwa, layi ya fara tsawo ke nan. Wannan kanta ke sarawa, waccan ƙirjinta ke zafi ta ce olsa ce, wata numfashinta ke sarƙewa, wata ta yanke jiki ta faɗi a wurin taron safe. A yi gwajin maleriya a tarar babu, a auna zafin jiki a ga lafiya lau. Sai a miƙa mata farasitamol a ce ta koma aji, wani lokaci har a bi ta da tsaki, a ce karatu take gudu.

Mafi yawansu ba ƙarya suke yi ba. Idan fargaba ta daɗe a zuciya, jiki ne ke fara bayyana ta: jijiyoyin wuya da kafaɗa su ɗaure har kai ya ɗauki ciwo, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ciki ya ƙi karɓar abinci. Yarinya 'yar shekara 14 da aka tarbiyyantar da kunya ba za ta tsaya gaban Sista ko gaban mahaifinta ta ce tsoro take ji ba. Ciwon kai ne kaɗai abin da ta san za ta faɗa a saurare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma damuwa da fargaba suna sahun gaba. Ku lissafa hakan a kan ɗakin kwana guda, za ku ga ba magana ce ta mutum ɗaya ko biyu ba.

Aikina na lafiya a ƙasar Zuru yana kai ni makarantu, ciki har da ta 'yan mata mai zaman kanta da Sistocin Katolika ke riƙe da ita. Irin waɗannan makarantu sun yi suna saboda tsari da tsabta da sakamako mai kyau, shi ya sa za ka ga Kirista da Musulmi duk suna kai 'ya'yansu. To amma kuɗinsu ba wasa ba ne. Wani uban sai ya sayar da dawar da ya noma ko ya fitar da sa kasuwa, wata uwar kuma kwasar adashinta ce gaba ɗaya. Yarinya ta san wannan sarai, don a gabanta aka yi. Idan kuma aka ƙara mata da "kin dai san nawa na biya" duk ranar ziyara, to karatun ya zama bashi a wuyanta, kuma ba ta san ranar da za ta gama biya ba.

Zan fi tsayawa a kan barci, domin shi ne abin da aka fi ci wa amana, kuma gyaransa ba ya cin ko kwabo. Masana sun tsayar da cewa masu shekara 13 zuwa 18 suna bukatar barcin awa 8 zuwa 10 kowane dare. Yanzu ku dubi ranar ɗalibar makarantar kwana. Ƙararrawa ta tashe ta tun duhun asuba, ta yi layin ruwa, ta yi shara, ta tafi sujadar safe ko salla, aji har rana ta karya, firef, wato zaman bitar karatu, da la'asar, wani firef ɗin da dare. An kashe wuta ba yana nufin an kwanta ba, domin 'yan aji shida suna ƙarƙashin bargo da tocila, wasu sun tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi, wasu sun sha Nescafé ko sun ci goro don idon ya bushe. Abin da ba su sani ba shi ne, a lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Karatun wadda ba ta yi barci ba zuba hatsi ne a buhu mai huji. Ta shiga ɗakin jarrabawa ta ga tambayar da ta karanta jiya da ƙarfe biyu na dare, ta san ta gan ta, amma amsar ta ƙi zuwa. Daga nan sai ta yanke wa kanta hukunci cewa ita daƙiƙiya ce, gobe ta ƙara rage barcin. Rashin barcin kansa yana kawo saurin fushi da saurin kuka da ciwon kai. Makarantar da ta jinkirta lokacin kashe wuta da awa ɗaya don a ƙara karatu, a ganina asara ta yi. Ina roƙon masu kula da ɗakunan kwana su riƙa zagayawa bayan kashe wuta, ba don bulala ba, don a karɓi tocila a ce a kwanta.

Sai jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Budurwa tana zubar da jini kowane wata, ga jikinta yana girma, ga abincin makaranta da nama ke yi masa ƙaranci. Mai ƙarancin jini tana gyangyaɗi a aji, jiri na ɗibarta idan ta daɗe a tsaye, abin da aka koya ba ya zama. Kafin a ce malalaciya ce, a duba cikin fatar idonta da tafin hannunta, a kai ta a auna jinin. Wake da zogale da alayyafo da ƙwai da hanta suna taimakawa, kuma akwai ƙwayar ƙarin jini da ake ba 'yan mata sau ɗaya a mako bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Shayi a kan abinci yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe da jini ke bukata, gara a jinkirta shan shayin. Ciwon mara kuma ciwo ne na gaske, kuma wadda audugar mata ta ƙare mata a tsakiyar zango ba za ta ɗaga hannu a aji ta faɗa ba. A ajiye a ɗakin jinya, a bayar ba tare da dogon bincike ba.

Yanzu ga maganar da na san wasu iyaye ba za su so ba. A aji mai mutum 40, ɗaya ce tak za ta zo ta ɗaya, ko da dukkansu haziƙai ne. Jarrabawar WAEC da NECO ba sa tambayar ta nawa kika zo a ajinku. Abin da jami'a ke nema shi ne kiredit 5, ciki har da Turanci da Lissafi, sai makin JAMB da ake auna shi bisa 400. Yarinyar da ta zo ta 25 a makaranta mai ƙarfi tana iya samun wannan duka ta wuce Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko Jami'ar Noma ta Tarayya da ke nan Zuru. Amma ta dawo hutu, tun ba ta ajiye akwati ba an tare ta da "ta nawa kika zo?", sannan a kawo mata misalin 'yar maƙwabta. Al'adar kiran sunayen na ƙarshe a gaban taron ɗalibai ma ban taɓa ganin wadda ta gyara ba, sai dai ta koya wa yara satar amsa. Haka nan tura kowace yarinya ajin kimiyya don dole sai ta zama likita. Wadda Kimistiri ya gagara, amma ta iya rubutu da muhawara, an ɗora mata shekara 3 na kuka a banza, alhali ƙasar nan tana bukatar lauyoyi da malamai mata.

Akwai kuma wani nauyin da 'yan matan Legas ko Inugu ba su san shi kamar namu ba. A Fabrairun 2021 'yan bindiga sun kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Zamfara. A watan Yuni na shekarar aka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. A Nuwamban 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25, kuma kafin mako ya zagayo aka kwashi fiye da 200 a makarantar Katolika ta Papiri a jihar Neja. Yaranmu sun ji duk wannan. Wasu cikinsu daga ƙauyukan Wasagu da Sakaba suka fito, iyayensu na gudun hijira, wata an kashe mata wa ko kawu. Ƙarar babur da dare ta isa ta hana irin wannan yarinya runtsawa, sannan da safe a ce ta zauna ta warware lissafi. Yin shiru a kan maganar ba ya rage tsoron. Gara hukumar makaranta ta zaunar da su ta gaya musu matakan da aka ɗauka da abin da za su yi idan wani abu ya taso, a kuma bar su su yi tambaya.

Idan yarinya ɗaya ta faɗi tana haki, sau da yawa sai ka ga biyu ko uku sun bi ta, nan da nan a ce iskoki ne sun shigo makaranta. Ban hana kowa addu'a ba, Fada na cocin Katolika ya yi tasa, malam ya yi tasa. Amma a fara da janye taron jama'a, a raba waɗanda suka faɗi, kowace a kai ta wuri mai iska, mutum ɗaya mai sanyin murya ya zauna da ita yana sa ta jan numfashi a hankali. Firgici irin wannan yakan lafa cikin mintoci. Bayan nan a bincika maleriya da asma da ƙarancin jini. Farfaɗiya daban ce: ba a cusa cokali a baki, ba a danne mai ita, a kawar da abin da zai ji mata rauni, a kwantar da ita ta gefe, idan jijjigar ta wuce minti 5 a nufi asibiti. Yawunta ba ya sa wa kowa cutar, don haka babu dalilin ware mata kwano ko gado.

Wariya a makaranta ba kullum take zuwa da zagi ba. Mai sikila da aka sa ta wankan ruwan sanyi da asubar hunturu, ko aka ba ta horon yankan ciyawa a tsakar rana ba ruwan sha, an jefa ta cikin ciwon ƙashi da zai kwantar da ita kwanaki. Wadda ba ta hangen allo daga bencin baya tabarau take bukata. Mai sanda ko keken guragu da aka kai ajinta saman bene an kore ta ne ba a faɗa ba, ga shi tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa da ta haramta nuna wa masu bukata ta musamman bambanci. Yarinyar da ta taso da C'lela da Hausa a ƙauye, ta zo ana cin ta tara duk lokacin da ta yi yarenta, takan zaɓi ta rufe bakinta gaba ɗaya, har a ɗakin jinya. Ni da Hausa nake tambayarsu, kuma a nan ne maganar ke fitowa. Musulma a makarantar mishan tana bukatar wurin salla da abincin sahur a watan azumi, kamar yadda 'yar cocin ECWA ko UMCA ke bukatar kada a sa ta ji ita baƙuwa ce. Wadda kuma iyayenta suka makara da kuɗin makaranta, a kira iyayen a waya. Karanta sunanta a gaban ƙawayenta hukunci ne a kan laifin da ba nata ba.

Akwai alamun da ba a jira a kansu. Yarinyar da ta yi mako 2 ko fiye a takure, ta daina cin abinci ko hira, abin da take so a da ya fita ranta, makinta ya zube farat ɗaya, ko aka ga tabon yanka a hannunta. Wadda ta ce "na gaji da duniyar nan" ko "gara in mutu kowa ya huta" ba a ce mata ta yi istigfari ko ta je ta yi ikirarin zunubi a coci kawai a wuce. A ja ta gefe a tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ke ba shi damar sauke abin da ya daɗe yana ɗauke da shi. Idan ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, a kira iyaye, a kai ta babban asibiti mafi kusa a ranar. Fiya-fiya da Sniper da sauran magungunan ƙwari su zauna a kulle a hannun babba, kada a bar su a ɗakin kwana da sunan maganin kuɗin cizo. Idan ana bukatar ƙwararru, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba yana nufin yarinya ta haukace ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai irin wannan larura haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci da rufin asiri.

Rufin asirin nan shi ne ke sa yara su yarda su yi magana. Idan yarinya ta gaya wa nas ko malamar ba da shawara damuwarta, washegari ta ji ta a ofishin malamai, ba ita kaɗai ba, duk ajinsu sun daina zuwa. Iyaye kuma, ranar ziyara ku fara da tambayar ƙarfe nawa take kwanciya, wace ce ƙawarta, akwai siniyar da ke takura mata, sannan ku yi shiru ku ba ta lokaci, don amsar farko "lafiya lau" ce. A fom ɗin lafiya na farkon shiga kuma, don Allah ku rubuta gaskiya. Na san wasu suna ɓoye sikila ko farfaɗiya ko asma saboda tsoron kada maganar ta fita ta hana yarinya miji nan gaba. Ku nemi ganin nas ɗin ku kaɗai, ku gaya mata, ku bar mata sunan maganin da yarinyar ke sha da lambar wayar da za a same ku ko da tsakar dare ne.